Littattafan Da Babu Ƙugiyar Tato

Shafi na 12

Ku da kuke cika mini akwatin saƙo da "Larysa, ina sauran labari," ku sassauta mini don Allah. Wannan shafin na rubuta na goge ya fi a ƙirga, domin har yau in na tuna ranar nan sai in ji kaina yana hayaƙi.

Alhamis ce, ta ƙarshen Fabrairu. Na roƙi shugabata a kantin magani ta sake ni da wuri, na kinkimi jakar littattafai na nufi laburaren garinmu ina jin haushin kowa. Haushin Tato, mahaifina. Haushin yayana Myron, da yake zaune can birnin Calgary cikin ɗumi yana ba ni umarni ta waya. Haushin kaina ma ya fi yawa, da na yarda da wannan shirmen tun farko.

Kun dai tuna yadda muka yi. Tato ya bar tukunya a wuta har ta ƙone ƙurmus. Ya goga a-kori-kurarsa a jikin turken coci. Ya wuce Fada Bohdan, limamin cocinmu, a kanti ko kallo bai yi masa ba. Ni da Myron muka ce shi ke nan, ƙwaƙwalwa ta fara tafiya, ga shi shi kaɗai a gida tun rasuwar Mama. Na samo masa ɗaki a gidan tsofaffi, suka ce za su riƙe mana zuwa ɗaya ga Maris.

Shi kuma ya buga tebur ya ce atafau. Wai laburare sun sa gasar karatu, kanta goma a wata guda, littafi ɗaya daga kowace kanta.

"In karanta in miƙo miki, ke ma ki karanta. Duk Lahadi ki yi mini tambayoyi. In na faɗi, ki kai ni inda za ki kai ni. In na ci, ki bar mini gidana da makullin motata, kada in sake jin zancen."

Mutumin da tun ina yarinya ban taɓa ganinsa da littafin da babu doki da bindiga a bangonsa ba! Na ce to, ina dariya a zuci, na san ko mako ba zai kai ba.

Ashe ni zan sha wuya.

Na karanta tarihin layin dogo, har barci ya kwashe ni a banɗaki. Na karanta littafin girke-girken wata ƙasa da ko rabin kayan miyarsu ba a sayarwa a nan Manitoba. Na karanta waƙoƙi marasa kai da gindi. Na karanta labarin mutanen da suka yi hijira zuwa wata tauraruwa suka ci gaba da faɗa a kan ruwa. Na karanta rayuwar wata likita, na karanta kisan kai a gidan gona. Sannan ga uban gayya, wani ƙaton littafin kimiyya a kan laimar kwaɗi. Laimar kwaɗi fa! Kauri kamar bulo.

Duk Lahadi Tato sai ya cinye tas. Har ya juyo da tambayar kaina.

"Ba ki karanta babin ƙarshe ba ko, Larysa? Ai ba mijin ne ya yi kisan ba."

Da ya ci Lahadi biyu a jere, kunya ta sa na mayar masa da aikinsa na Talata da Alhamis, wato ɗaukar 'yata Josie daga makaranta ya kai ta wasan hoki na kan ƙanƙara a garin da ke gaba da mu, a kan babbar hanya.

To a ranar Alhamis ɗin, na dire jakar a gaban Doreen, mai kula da laburare.

"Tara ke nan. Na goma yana wurinsa."

"Kin rame," in ji ta.

"Laimar kwaɗi ce ta ramar da ni."

Ta yi dariya, ta fara zaro su ɗaya-ɗaya. Kowanne sai ta buɗe bangon baya ta leƙa kafin ta ajiye. A na uku sai ta ɗan ɓata fuska. A na biyar ta ɗago ta dube ni.

"Orest bai ji daɗinsu ba ne?"

"Wa? Tato? Ai kamar ya haɗiye su."

"To ina ƙugiyarsa?"

"Wace ƙugiya kuma?"

Ta jawo wani tsohon littafin doki da bindiga daga keken tura littattafai da ke gefenta, ta buɗe mini cikin bangon baya. Cike yake da 'yan zane-zane ƙanana. Tauraro, giciye, da'ira, harafi ɗaya. A can ƙasa, ƙugiyar kamun kifi da fensir.

"Tsofaffin garin nan kowa da alamarsa," in ji Doreen. "In sun gama littafi sai su sa, don kada su sake ara su kai gida su tarar sun karanta. A doka na hana. A zahiri na gaji da hanawa. Ubanki tun kafin in fara aiki a nan yake zana ƙugiya. Ko littafin bai yi masa daɗi ba sai ya zana."

"Wataƙila ya manta."

"Sau tara?"



Ta juyo mini da na laimar kwaɗi. Bangon bayansa fes, ba wanda ya taɓa arar shi kafin mu balle ya gama. Alama ɗaya ce tal a ciki, ɗigo uku da koren biro.

Ta buɗe na layin dogo. Ɗigo uku.

Na waƙoƙi. Ɗigo uku.

"Ta wace ce?"

Doreen ta fara gyara gilashinta. "Ni fa bai kamata in..."

"Doreen."

"Yvette Gauthier. Amma Yvette ba ta ari ko ɗaya a cikinsu ba. Ita da ba ta wuce kantar soyayya."

Misis Gauthier! Maƙwabciyar Tato ta bayan shinge, wadda Mama ta koma ga Allah ba sa ga-maciji da juna a kan bishiyar tuffa da ke zubar da 'ya'ya a lambunta.

Ko sallama ban yi wa Doreen ba.

A mota ina tuƙi ina magana ni kaɗai kamar wadda ta zare. Wato ita take karantawa ta ba shi labari a taƙaice, shi kuma ya zo ya zauna ran Lahadi yana yi mini ƙafafa. Ni kuwa ina can ina kashe idona a kan laimar kwaɗi. Dusar ƙanƙara ta fara sauka, mai laushin nan da ke rufe gilashi kafin a share. Na ajiye mota a bakin titi ta gaban gidan Tato, na buɗe ƙofa da makullina a hankali.

Tun daga inda ake cire takalma na jiyo muryarta.

"...sai kyaftin ya kama hannunta ya ce, ko teku za ta ƙafe ba zan bar ki a tsibirin nan ba. Ita kuwa ta kau da kai, hawaye na bin kuncinta..."

"Wannan kyaftin sakarai ne," in ji muryar Tato. "Jirgi na yoyo, shi yana kama hannu."

"Orest, in ka sake katse ni zan tafi gida."

"Ci gaba, ci gaba."

Na faɗa falon.

Misis Gauthier tana zaune a kujerar Mama, littafi a cinya, koren biro a maƙale a wuyan rigarta. Tato yana kishingiɗe ya rufe ido, kofi a hannu. Ta gan ni ta daskare.

"Sannunku da hutawa," na ce.

Tato ya zabura, kofin ya fantsala a wandonsa.

"Larysa? Ba kina wurin aiki ba?"

"Na zo jin ƙarshen kyaftin ne."

"Yarinya, tsaya ki ji," in ji Misis Gauthier.

"Ba da ke nake ba, Misis Gauthier. Tato, ina ƙugiyarka?"

"Wace ƙugiya?"

"Wadda kake zanawa a bayan littafi. Littafi tara babu ita. Sai ɗigo uku da koren biro."

Ya juya wajen matar. "Yvette! Alama kike sawa?"

Ta dafe ƙirji, ta dubi biron kamar yau ta fara ganinsa. "Wayyo ni. Hannuna ne ya saba. Ina rufe littafi sai in ɗiga, ko sani ba na yi."

"Wata guda!" na ce. "Wata guda ina dawowa daga aiki a gajiye, in dafa abinci, in duba aikin makarantar Josie, sannan in zauna da layin dogo da waƙoƙin da ko mai su bai san me yake nufi ba. Saboda kai! Kai kuma kana nan kana shan kofi ana yi maka tatsuniya!"

"Ba taƙaicewa take yi ba," ya ce. "Kalma-kalma take karantawa. Ban tsallake ko layi ba."

"Ba haka muka yi ba. Cewa ka yi ka karanta."

"Kunne ma karatu yake yi."

"To me ya hana ka karanta da kanka? Lalaci?"



Na fizge littafin daga cinyar Misis Gauthier, na rufe shi, na sake buɗewa inda hannuna ya faɗa, na ɗora masa a gwiwa.

"Karanta."

"Larysa, bar shi," in ji Misis Gauthier ƙasa-ƙasa.

"Karanta mini, Tato. Layi uku kawai, in tafi."

Ya gyara zama. Ya ɗauko gilashinsa ya sa. Ya ɗora yatsa a saman shafin, ya yi gyaran murya.

"Sai kyaftin ya kama hannunta ya ce, ko teku za ta ƙafe ba zan bar ki a tsibirin nan ba. Ita kuwa ta kau da kai, hawaye na bin kuncinta."

Ko kalma ɗaya bai kuskure ba. Yatsansa na tafiya a hankali daga hagu zuwa dama.

Na leƙa shafin.

Taswira ce. Zanen tsibiri da hanyar jirgi, cike da shafin. Babu rubutu ko layi ɗaya.

Na zauna a kan teburin tsakiya.

"Tato. Taswira ce a gabanka."

Yatsan ya tsaya.

Sai ƙarar agogon Mama a bango.

Ya cire gilashin, ya naɗe shi, ya sa a aljihu.

"Tsakiyar komai ce ta tafi," ya ce. "Gefe-gefe ina gani. In na kalle ki yanzu, ga gashinki, ga kafaɗunki, ga jar rigarki. Fuskar ce babu."

"Tun yaushe?"

"Tun lokacin zafi ta fara. Da sanyi ya shigo ta ƙaru."

"Tukunyar nan..."

"Na ɗauka na kashe. Ban ga inda maɓallin ya tsaya ba."

"Turken coci?"

"Ban gan shi ba."

"Fada Bohdan?"

"Da ya yi magana da na gane shi. Bai yi ba."

Na dafe kaina da hannu biyu. Mu muna can ni da Myron muna karanta alamomin ciwon mantuwa a waya, muna gyaɗa kai kamar likitoci. Ashe mutumin nan kansa ya fi nawa kyau.

"Me ya sa ba ka faɗa ba? Me ya sa ba ka je asibiti ba?"

"In je likita ya rubuta wa hukuma su karɓe mini lasisi? Da na ce ido ne, ai a ranar za ki ƙwace makulli. Da kika ce ƙwaƙwalwa sai na ce na gode Allah, wannan kam zan iya ci."

"Kullum sai na ce masa ya faɗa miki," in ji Misis Gauthier.

"Ke kuma wa ya sa da ke?"

Ta miƙe zaune sosai, ta dube ni ido cikin ido.

"Ran ɗaya ga wata ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da littafi a hannu. Mutumin da tun rigimar bishiya bai taka ƙofata ba. Ya ce, Yvette, 'ya'yana za su kai ni gidan tsofaffi, karanta mini. Me kike so in yi? In rufe ƙofa? Ni ma na sha laimar kwaɗin nan, yarinya, kuma da ƙarfi na karanta ta, har muryata ta dishe."

"Ai littafin ya yi daɗi," in ji Tato.

"Yi mana shiru, Orest!"

Ya yi ɗan murmushi, sannan ya juyo wajena, idonsa na kallon gefen kunnena.

"Kin san tun da uwarki ta rasu ban ji daɗin wata kamar wannan ba? Ban san akwai irin waɗannan abubuwa a laburare ba, ina ta bin doki da bindiga. Da rana Yvette ta karanta. Ran Lahadi ki zo ki zauna har yamma muna musu. Da can fa leƙowa kike yi, ki duba firij, ki duba magani, ki tafi da takalmi a ƙafa."

Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye muku ba. Har na ji hawaye na tahowa.

Sai wani abu ya faɗo mini a rai.

"Tato. Josie."

Murmushin ya ɓace.

"Kai kake kai ta hoki. A babbar hanya."

Misis Gauthier ta juya da sauri. "Me? Orest, ka ce mini ka daina hawa babbar hanya! Ka ce kanti da coci kawai!"

"Hanyar nan na san ta kamar tafin hannuna. Tun ba a zuba mata kwalta ba nake bin ta."

"Da wane idon kake ganin danja?" na ce.

"A hankali nake tafiya."

"Da wane idon, Tato?"

Ya sunkuyar da kai.

"Josie ke faɗa mini."

"Me?"

"Wasa ne muke yi. Ni matuƙin jirgi, ita mataimakiya. Ta ce ja, ta ce kore, ta ce Dido, wato kaka ke nan, ga tirela a hagu, Dido jirgin ƙasa na zuwa. Tana jin daɗi. Ba ta taɓa kuskure ba."

"Shekararta tara!"

Ban san na miƙe ba. Ban san na fara ihu ba.

"'Yata! 'Yar shekara tara ce idonka a kan babbar hanya, cikin ƙanƙara, tsakanin tireloli! Kuma ni da hannuna na miƙa maka ita, don ka faɗa mini wanda ya yi kisa a gidan gona!"

"Ban taɓa..."

"Ba ni makullin."

"Larysa."

"Ba ni makullin yanzu."

"Saura babi huɗu a gama na goma. Mun yi alkawari. Na ci Lahadi uku, ta huɗu ma zan ci."

"Babu wani alkawari. Ƙarya ka yi mini."

"Tambayar ƙwaƙwalwa kika yi, ƙwaƙwalwa ta amsa."

"Gobe da safe zan kira gidan tsofaffi in ce mun karɓi ɗakin."

Na gan shi ya yi kamar an mare shi. Da na sani da ban faɗa a lokacin ba, amma bakina ya riga ni.

"Haba yarinya," in ji Misis Gauthier. "Makulli daban, gida daban. Ina nan bayan shinge, zan iya..."

"Kin yi iya yinki, na gode."

Tato ya dafa hannun kujera ya miƙe a hankali. Ya ajiye littafin a kan tebur, a buɗe, a shafin taswirar.

"Wato mutum in bai ga fuska ba, ya tashi daga mutum."

"Ban ce haka ba."

"Makullin yana aljihun kwat ɗina, a ƙofar baya. Bari in ɗauko miki."

Ya bi ta kicin yana shafa bango da yatsu. Sai a ranar na lura da yadda fentin wurin ya yi duhu, layi ɗaya dogo, daidai tsayin hannunsa.

Na zaro waya na kira Myron. Ta yi ta ringin bai ɗauka ba. Na ja tsaki na sake kira.

"Kin yi masa tsauri," in ji Misis Gauthier.

"Da 'yarki ce a motar fa?"

"Da na yi abin da ya fi naki. Amma motar nan ita ce ƙafarsa. Ki karɓe ta, na yarda. Gidan fa? A nan ya san inda kowane cokali yake. Ki kai shi inda bai san bango ba, a ranar zai makance na gaskiya."

"Ni kaɗai ce a kan komai! Myron yana can, ni ce aiki, ni ce yarinya, ni ce..."

Ta ɗaga mini hannu.

"Shhh."

Daga bayan gida, wani gurnani. Ƙofar gareji ce take naɗewa sama.

Sannan injin ya tashi.

Na ruga kicin da safa a ƙafa. Ƙofar baya a buɗe, iska na watso dusar ƙanƙara har kan tabarma. Babu kwat a jikin ƙusa. Garejin Tato ta lungun baya yake fita, tawa motar tana can gaban gida. Na hango jajayen fitilun a-kori-kurar suna shan kwana a ƙarshen lungun, ta goga kwandon shara ta wuce.

"Tato! TATO!"

"Ina zai je a wannan yanayin?" na ce, ina laluben takalmi. "Ina zai je?"

Misis Gauthier ba ni take kallo ba. Agogon Mama take kallo a bango. Uku da rabi saura kaɗan.

"Larysa," ta ce. "Yau Alhamis. Ranar hokin Josie."